A Lulluɓe Sabon Titi Tun Kwaltarsa Ba Ta Tsage Ba

Duk wanda ke bin titunan ƙasar nan ya san yadda rayuwarsu take tafiya. A shekarar da aka yanke ƙyallen buɗe titi, kwaltar baƙa ce wuluk, mota na tafiya a kai kamar ba ta taɓa ƙasa. Bayan damina biyu ko uku sai launin ya fara komawa toka-toka, tsakuwar da ke ciki ta fara leƙowa. Daga nan sai ƙananan tsaga su bayyana, sirara kamar zare, waɗanda direba ba ya ko lura da su. Wata damina mai ƙarfi na wucewa sai ga ramuka, sai ga yara da shebur suna cike su da ƙasa suna ɗaga wa direbobi hannu, sai a shiga kiraye-kiraye ga gwamnati, har a kai ga sake ba da kwangilar titin da bai cika shekara goma ba. Idan aka tambayi dalili, wasu su ce ɗan kwangila ne ya yi ha'inci, wasu su ce nauyin tirela ne, wasu su ɗora wa ruwan sama. Kowanne da gaskiyarsa. Amma akwai wani aiki da ya kamata a yi tsakanin ranar buɗe titi da ranar da aka fara yi masa faci, wanda mu kusan ba ma yinsa, wato lulluɓe fuskar kwaltar da wani siririn rufi tun tana da lafiyarta. Ra'ayina shi ne a ƙasa mai zafin rana irin tamu wannan lulluɓi ɓangare ne na ginin titin kansa, kuma ya kamata kuɗinsa ya shiga lissafi tun ranar da aka sa hannu a kwangila.

Kafin a gane dalili sai an san abin da ake shimfiɗawa. Abin da muke kira kwalta a kan titi gauraye ne na abu biyu. Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinsa fasasshen dutse ne da yashi da garin dutse, sauran kimanin kashi 5 kuma shi ne man kwalta, baƙin abu mai danƙo da ke saura a matatar mai bayan an tace fetur da kananzir da dizal. Dutsen ne ke ɗaukar nauyin mota, man kwaltar kuma shi ke riƙe duwatsun wuri ɗaya, ya hana ruwa ratsawa, ya kuma ba titin damar ɗan lanƙwasawa idan babbar mota ta taka shi sannan ya koma yadda yake. Wannan lanƙwasawa ita ce lafiyar titin. Matsalar ita ce man kwalta yana fara tsufa tun kafin ya isa kan hanya, domin ana dafa shi da dutse a zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, kuma a wannan dahuwar wani ɓangare na sassauƙan man da ke cikinsa yake ƙonewa. Bayan an shimfiɗa an daɓe, iska ta ci gaba da aikinta. Iskar da muke shaƙa tana haɗuwa da sinadaran man kwalta ta mayar da masu laushi su zama masu tauri, hasken rana yana gasa fatar sama, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Ko an daɓe titi da kyau, akwai 'yan ƙananan guraben iska da ke saura a cikinsa, kimanin kashi 7 ko 8 cikin 100 a farkon rayuwarsa, kuma ta nan iska da danshi suke samun mashiga. Komawar titi launin toka alama ce ta wannan tsufa. Kwaltar da ta tsufa ba ta lanƙwasa, karyewa take yi.

Yanayinmu ya fi na Turai da arewacin Amurka tsananta wannan lamari. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da zafin iska ya haura digiri 40, fuskar baƙin titi tana iya wuce digiri 60 da rana tsaka. Da hunturu kuma dare ya yi sanyi, rana ta yi zafi, kwaltar ta riƙa tsukewa tana buɗewa kowace rana. Masu bincike na cibiyar nazarin hanyoyi ta Birtaniya, wadda ake kira TRL, sun bi diddigin wannan a Kenya da wasu ƙasashe masu zafi a shekarun 1980, kuma abin da suka gano ya saɓa wa abin da aka saba koyarwa. A da an ɗauka tsagewar titi daga ƙasa take farawa, inda nauyin mota ke jan shimfiɗar, sannan ta hauro sama. Su kuwa suka tarar da cewa a ƙasashe masu zafi tsagar sau da yawa daga sama take farawa, domin 'yan milimitocin farko na kwaltar suna ƙeƙashewa cikin 'yan shekaru alhali abin da ke ƙasansu yana nan da laushinsa. Sun kuma tarar da cewa inda aka lulluɓe kwaltar da feshin man kwalta da tsakuwa, man da ke ƙarƙashin lulluɓin bai taurara da sauri haka ba. Saboda wannan ne jagorar gina tituna a ƙasashe masu zafi da cibiyar ta wallafa take ba da shawarar irin wannan rufi. Abin da ke biyo bayan tsagewa kuwa kowa ya san shi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan damina ya bi tsagar ya sauka kan fasasshen dutse ko marmarar da aka yi tushen titin da ita, tushen ya jiƙe ya yi laushi, kowace tayar da ta wuce ta matsa ruwan ciki ta fito da garin ƙasa waje, har wurin ya rufta. Ramin da muke gani a watan Satumba ya faro ne daga wata tsaga da ba wanda ya kula da ita shekara biyu da suka wuce.

Lulluɓin iri-iri ne, kuma kowanne da inda ya dace. Mafi sauƙi da arha shi ne feshin ruwan kwalta, inda ake sirka man kwalta da ruwa ta hanyar wani sinadari da ke sa su haɗu, a fesa shi siriri da tankar feshi, ruwan ya bushe ya bar wani ɗan rufi da ke toshe ƙananan kafofi ya riƙe tsakuwar da ta fara saki. Ba ya daɗewa, shekara biyu zuwa huɗu sai a sake. Akwai kuma man farfaɗo da kwalta, wanda aka fara sarrafawa a Amurka wajen 1960, shi kuma nutsewa yake yi cikin fatar titin ya mayar mata da sassauƙan man da rana ta ƙone. Na uku shi ne feshi da tsakuwa, wanda mutanenmu suka daɗe da sani: a fesa man kwalta, nan take a watsa tsabtatacciyar tsakuwa mai girma ɗaya, a bi da abin daɓe mai tayoyin roba, sannan a share wadda ba ta kama ba. Wannan shi ya fi toshe ruwa da iska, kuma idan an yi shi da kyau yana kaiwa shekara bakwai zuwa goma. Na huɗu shi ne kunun kwalta, wato a dama ruwan kwalta da garin dutse da ɗan siminti a cikin mota ta musamman, a shimfiɗa shi da kaurin da bai kai santimita ɗaya ba. A Jamus aka fara shi a shekarun 1930, kuma a can ne daga baya aka ƙirƙiro wani nau'insa mai haɗin roba domin cike kwarin da tayoyi ke yi a manyan titunansu, wanda ke bushewa har a buɗe wa motoci cikin kamar awa ɗaya. A Afirka ta Kudu sukan haɗa biyu, a yi feshi da tsakuwa sannan a rufe da kunun kwalta, a samu fuska mai santsin tafiya mai kuma hana ruwa. Da yawa daga cikinmu suna kallon feshi da tsakuwa a matsayin aikin arha da ake yi wa ƙauye, amma mafi yawan titunan kwalta na Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu da shi aka rufe su, kuma da sabunta shi a kan kari suke riƙe da dubban kilomitoci.

Babban abin da ke raba nasara da asara a nan shi ne lokaci. Duk waɗannan rufe-rufe ba sa ƙara wa titi ƙarfin ɗaukar kaya, aikinsu kare ƙarfin da ke akwai. Idan aka bari har tsaga suka yi faɗi, tushe ya sha ruwa, to an makara, kuma duk abin da aka shafa a sama zai tsage tare da na ƙasa. A jihar Minnesota ta Amurka an yi wani gwaji a kan titin da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1990: aka raba shi kashi-kashi, wani aka yi masa feshi da tsakuwa bayan shekara ɗaya, wani bayan biyu, wani uku, wani huɗu, wani kuma aka bar shi haka nan. Da aka yanko samfuri bayan shekaru fiye da goma aka auna, sai aka ga sassan da aka rufe a shekara ɗaya ko biyu na farko su suka fi kuɓuta daga tsufa. Idan haka abin yake a jihar da ke shafe watanni cikin ƙanƙara, ina ga inda rana ke dukan titi kusan duk shekara? Hikimar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai gidan ƙasa ba ya jiran soro ya fara yoyo kafin ya nemi magini. Da rani yake sa a yi yaɓe, a shafe bango da makuba, tun ginin yana tsaye daram, domin ya san ranar da ruwa ya ratsa katanga kuɗin yaɓe ba zai gyara ta ba.

Lissafin kuɗin ma a fili yake. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan lalacewar tituna a ƙasashe masu tasowa 85, inda ya ƙiyasta cewa cikin shekara 20 an yi asarar titunan da darajarsu ta kai dala biliyan 45 saboda rashin kulawa, alhali da an kashe ƙasa da dala biliyan 12 wajen rigakafi da ba a yi asarar ba. Hukumar manyan titunan Afirka ta Kudu, SANRAL, ta ƙiyasta cewa idan aka yi sakaci da titi na shekara 3 kuɗin gyaransa yana ninka na kulawa sau 6, idan sakacin ya kai shekara 5 ya ninka sau 18. Dalilin shi ne titi ba ya lalacewa daidai-wa-daida kowace shekara. Yana daɗewa yana raguwa a hankali, sannan da ruwa ya samu hanya sai ya rushe cikin ɗan lokaci. Kuma wannan lissafin na baitulmali ne kaɗai. Bai haɗa da tayoyi da sifirin da direban haya ke saye ba, ko tumatir da albasar da ke ruɓewa a bayan mota kafin su isa kasuwa, ko rayukan da ke salwanta wajen kauce wa rami.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne mafi nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutumin da hanyar garinsu ta zama kududdufi zai ce da wane ido za a ɗauki kuɗi a kai wa titin da ke sheƙi, shi kuwa mai naƙuda ba ta iya kaiwa asibiti? Wannan magana ce ta adalci, kuma duk gwamnan da ya ji ta zai fi son ya tura katafila inda aka fi kuka. Sai dai wannan tsari na fara gyara mafi lalacewa shi ne ya kai mu inda muke. Kuɗin da zai sake gina kilomita ɗaya da ta mutu zai iya lulluɓe kilomitoci masu yawa da ke da rai. Idan aka zuba duk kasafin a kan matacciyar, masu ran za su ci gaba da tsufa, kuma kafin a gama wancan aikin wasunsu sun shiga layin matattu. Haka layin zai riƙa tsawo kowace shekara ko da kasafin yana ƙaruwa. Ba ana cewa a yi watsi da hanyar garin wancan bawan Allah ba ne. Ana cewa a keɓe wani kaso na kuɗin titi, wanda ba za a taɓa shi ba, domin hana lafiyayyun tituna faɗawa cikin layin, domin ta haka ne kaɗai wata rana kuɗin zai isa ya kai ga tasa hanyar.

Ƙorafi na biyu na injiniyoyi ne. Za su ce abin da ke kashe titunanmu lodi ne fiye da ƙima, da rashin magudanar ruwa, da tushen da ba a daɓe da kyau ba, kuma babu feshin da zai magance ko ɗaya. Wannan gaskiya ne. Tun babban gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 aka tabbatar cewa idan nauyin da ke kan ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau 16. Tirelar siminti ko tankar mai da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci, kuma lambatun da shara ta toshe yana mayar da ruwa ƙarƙashin kwalta komai kyawun rufinta. Titin da aka yi ha'inci a tushensa kuwa, lulluɓe shi ɓarnar kuɗi ce, har ma yana iya zama hanyar ɓoye aika-aikar ɗan kwangila. Amma wannan ƙorafin yana nuna inda lulluɓi ya dace ne, bai soke shi ba. Dole a auna titi kafin a taɓa shi, a tabbatar tushensa lafiya ƙalau, a yashe magudanai, a cike tsagar da ta riga ta buɗe. A lura kuma cewa akwai dubban kilomitoci na titunan cikin gari da na karkara da ba sa ganin tirela sai jefi-jefi, amma su ma suna mutuwa da wuri. Su rana da ruwa ne ke kashe su, kuma su ne za su fi cin moriyar rufin. Ko a manyan hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Kano, inda nauyi ya fi yawa, tushe busasshe ya fi jiƙaƙƙe jure lodi nesa ba kusa ba, saboda haka ma'aunin nauyin motoci da lulluɓi tare suke aiki.

Akwai kuma fargabar haɗari, ita ma da tushenta. Feshin ruwan kwalta da man farfaɗowa suna sa titi santsi a kwanakin farko, shi ya sa ake watsa yashi a kai, ake rage gudu, kuma ba a cika yin su a hanyoyin da ake sheƙa gudu ba. Feshi da tsakuwa idan ba a share shi ba yana fasa gilashin mota ya kayar da mai babur. Idan man ya yi yawa sai ya tsattsafo da zafin rana ya manne wa taya, idan ya yi kaɗan ko tsakuwar na da ƙura sai ta zube cikin mako guda. Idan aka yi aikin ana gab da ruwan sama, ruwan ya wanke shi zuwa cikin kwata. Duk waɗannan matsalolin iya aiki ne da sa ido, kuma suna da magani sananne: tankar feshi da aka daidaita bakinta, wankakkiyar tsakuwa, ma'aikatan da aka horar, da yin aikin da rani bayan an share ƙurar hunturu daga kan titin. A nan ma yanayinmu ya yi mana gata, domin muna da watanni shida ko bakwai a jere da ba a ɗigon ruwa, abin da injiniyoyin Turai ba su da shi.

Wasu za su ce a huta da duk wannan a koma titin kankare, kamar yadda ma'aikatar ayyuka ta tarayya ta karkata tun 2023 a ƙarƙashin minista David Umahi. Kankare yana da amfaninsa a hanyoyin manyan motoci, kuma shi ma yana bukatar a riƙa toshe mahaɗansa. Amma ko da duk sabon titi zai zama na siminti daga yau, kwaltar da aka riga aka shimfiɗa da biliyoyin naira tana nan a ƙarƙashin rana.

Abin da ya rage shi ne tambayar wa zai biya, kuma a nan ne siyasa take shigowa. Sabon titi yana da bikin buɗewa da allo mai sunan wanda ya gina, lulluɓi kuwa ba shi da ko ɗaya, domin sakamakonsa ramin da bai fito ba ne. Hukumomin da za su yi aikin suna nan. An kafa FERMA a 2002 domin kula da titunan tarayya masu tsawon kimanin kilomita 35,000, kuma gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal domin gyaran tituna, kashi 40 na kuɗin ga FERMA, kashi 60 ga hukumomin jihohi, amma an shafe shekaru ba a aiwatar da tanadin ba. Jihohi irin su Kano da Kaduna suna da nasu hukumomin, Ghana da Nijar suna da asusun kula da tituna na musamman. Sai dai muddin kuɗin da ke shigowa bai wuce na cike ramuka ba, aikin waɗannan hukumomi zai tsaya ga bin ɓarna a baya. Man kwaltar kansa yawanci daga waje ake shigo da shi da kuɗin waje, duk da tarin da ke kwance a ƙasan jihar Ondo da maƙwabtanta, da kuma sashen sarrafa shi da aka gina a matatar Kaduna. Wannan tsadar ƙarin dalili ce ta tattala wanda aka riga aka shimfiɗa, domin rufi siriri yana cin man kwalta kaɗan ne idan aka kwatanta da sabuwar shimfiɗa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure aikin a jikin kwangilar ginin. A yanzu galibi ɗan kwangila yana da alhakin gyara duk aibin da ya bayyana cikin wata 12 bayan miƙa aiki, daga nan ya karɓi ragowar kuɗinsa ya tafi, wato yana tafiya ne daidai lokacin da kwaltar ta fara bukatar kariya. Da za a rubuta cewa kafin cikar shekara biyu za a auna titin, a yi masa lulluɓin farko da kuɗin da aka riga aka ware aka ajiye, da an rufe wannan giɓi, kuma da awon ya tona asirin duk wanda ya yi ha'inci a tushe tun ana iya kama shi. Ina kira ga 'yan majalisun jihohi da ke duba kasafin ma'aikatun ayyuka, da ƙungiyar injiniyoyi, da ƙungiyoyin direbobi da masu motoci irin su NURTW da NARTO waɗanda su ke biyan kuɗin ramuka daga aljihunsu, da 'yan jarida, cewa duk ranar da aka zo buɗe sabon titi su tambayi kwamishinan ayyuka a bainar jama'a wace shekara za a lulluɓe shi, nawa aka ware, kuma wace hukuma ce za ta yi aikin.